Tambayoyinku: In sayar da hatsin ko in ajiye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu takwas ne a gida. Bana na samu gero buhu 12, dawa buhu 4, wake buhu 3. Bara 'yan bindiga sun ƙona rumbuna a ƙauyen da ke kusa da mu. In sayar in riƙe kuɗi, ko in ajiye?
Daga wani manomi a Maru, Jihar Zamfara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da lissafin ciki. Mutum ɗaya kan ci kusan buhu biyu mai kilo 100 a shekara, don haka buhu 16 ɗin nan na gero da dawa cimar gidanka ce cif, kafin ma a fitar da zakka da iri. Ba na sayarwa ba ne. Wanda ya sayar a lokacin kaka kasuwa na cike, shi zai dawo ya saya da tsada a tsakiyar damina, in ma an samu kasuwar. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, mai kuɗi a aljihu ya rasa inda zai auna.

Amma kada ka tara su wuri ɗaya. Dami ya fi daɗewa a rumbu, sai dai ba ya ɗaukuwa da gaggawa. Ka sussuke, ka bar na wata biyu a gida, sauran ka raba wajen amintattun 'yan uwa a gari.

Wake shi ne abin sayarwa, amma ka jira bazara. Don kare shi daga ƙwari kafin lokacin, samo buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Hura iska a kowace leda, in tana tsiyaya kada ka yi amfani da ita. Waken ya bushe sosai: zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da gishiri, girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalba, mayar da shi shanya. Bayan ka cika, matse iska, ɗaure kowace leda daban. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, shi ya sa yawan buɗewa ke ɓata aikin. Ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, don ɓera ɗaya ya isa ya huda ledar.

Kada ka zuba maganin ƙwari na Sniper a wake. Guba ce, kuma wanki ba ya tabbatar da ta fita.