Liyarin Kaka da Sisin Gwal: Nawa Za Su Yi a Kasuwa?

Tambaya: Na gaji liyari guda shida daga kakata, kowanne an rubuta 1780. Wani ya ce tsufansu kaɗai ya isa sayen fili. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, a yi haƙuri, wannan shekarar ba ta nuna tsufa. A 1780 ne Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya ta rasu, aka ci gaba da buga kuɗin da shekarar mutuwarta a Biyana, Landan, Roma, Faris da Bombay, har gobe ma ana bugawa a Biyana. Ɗaruruwan miliyoyi ne suka bazu, wasu fatake suka kawo ƙasar Hausa, mata suka mayar da su abin wuya. Don haka galibinsu kuɗin azurfar jikinsu za a biya ki.

Lissafin ba wuya. Liyari na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfa zalla a cikinsa giram 23.4, wato kusan kashi uku cikin huɗu na oza (oza ɗaya giram 31.1). Ki duba farashin ozar azurfa na ranar, ki ɗauki kashi ukun nan, ki sani kuma dillali zai rage ribarsa. Kafin ki kai kasuwa, ki ɗora kowanne a kan sikelin maƙeran zinare, ki kanga masa maganaɗisu: in ya manne, jabu ne. Na gaske yana da rubutu mai tudu a gefensa, kuma in aka ƙwanƙwasa yana amo mai tsawo. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don rataya, masu tara tsofaffin kuɗi ba sa kallonsa.

Tambaya: Ina da sisin gwal na Ingila mai hoton Sarki Joji na Biyar, ya dushe. In wanke shi kafin in sayar?

Amsa: Malam, kada ka taɓa shi. Toka, man goge haƙori da soson ƙarfe suna barin zane-zanen da gilashin ƙara girma ke tonawa, daga nan darajarsa ta koma ta zinaren narkarwa. Ka riƙe shi ta gefe, ka sa shi a leda shi kaɗai.

Na asali giram 7.98 ne, karat 22, faɗinsa milimita 22. Akwai kwaikwayo da yawa na karat 21 da maƙeran Gabas ta Tsakiya suka buga; zinare ne, amma ba bugun gwamnati ba. Sai ka duba ɗan harafin da ke ƙasan ƙafar dokin da ke bayan sisin, sama da shekara, shi ke nuna garin da aka buga shi: S Sidni, M Melbon, P Perth, SA Firitoriya, in babu harafi Landan. Bugun Landan na 1917 yana da wuyar samu ƙwarai, shi ya sa jabunsa suka yi yawa. In shi ne a hannunka, kada ka sayar bisa awo sai ƙwararre ya tantance shi, kuma ka ji tayin mutum uku.