Ina Masanan Jamus Suka Nufa Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu?

Tambaya: Malam, malaminmu na tarihi a nan Gombe ya ce Jamusawa ne suka kai Amurka wata. Gaskiya ne? Daga ɗalibarku a Tudun Wada.

Amsa: 'Yata, akwai gaskiya a ciki. Daga 1945 Amurka ta kwashi masana da injiniyoyin Jamus fiye da 1,600 a shirin Paperclip. Cikinsu har da Wernher von Braun, mai rokar yaƙi ta V-2, wadda fursunoni suka haɗa cikin bautar dole, abin da bai kamata a manta ba. Shi ya jagoranci ƙera rokar Saturn V da ta kai mutum wata a 1969.

Tarayyar Sobiyet kuwa a dare guda, 22 ga Oktoba 1946, ta loda ƙwararrun Jamus sama da 2,000 da iyalansu a jiragen ƙasa zuwa ƙasarta.

Masar ma ta ɗauki nata a zamanin Shugaba Nasser. Rokokin da suka ƙera mata sun tashi a 1962, amma na'urar saita hanya ta gagara. Roka marar saiti kuwa ba ta faɗuwa inda aka nufa. Ga barazanar Isra'ila, sai injiniyoyin suka watse.