Tambaya da Amsa: Me Tarihin Rayuwar Baba Zai Ƙara wa Masu Jinya?

Tambaya: Mahaifinmu, tsohon ma'aikacin haƙar kuza a Bukuru, yana fama da cutar mantuwa, kuma an kwantar da shi a wani asibiti a nan Jos. Wata ma'aikaciyar jinya ta nemi mu zauna da shi mu rubuta tarihin rayuwarsa. Shin wannan yana da amfani ga jinyarsa? Daga wata mai karatu a Unguwar Rogo.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka muku da alheri. Ki karɓi shawarar nan hannu bibbiyu. Wannan ciwon mantuwa, da muke kira gigin tsufa, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana damun mutane fiye da miliyan 55, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. A wannan nau'i, abin da ya faru ɗazu shi ke fara ɓacewa, na ƙuruciya kuwa yakan daɗe, shi ya sa dattijo zai manta ya ci tuwo amma ya lissafa abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya.

Masanin Ingila Tom Kitwood, na Jami'ar Bradford, ya jaddada a shekarun 1990 cewa a fara ganin mutum kafin ciwonsa. Idan Baba ya farka da asuba yana neman takalmansa, wanda bai san shi ba zai ce gardama ce, amma nas ɗin da ta san ya saba sammakon aiki za ta gaishe shi da aiki, ta lallashe shi ya karya kumallo tukuna. Haka kuma ƙin wanka sau da yawa kunya ce, domin dattijon da mace za ta tuɓe wa tufafi ba zai yarda da sauƙi ba.

Tarihin ba ya warkar da ciwon, sai dai yana iya rage firgici da tashin hankali. Ku zauna da hantsi, tun da ruɗewa takan ƙaru da yamma, ku kawo tsofaffin hotuna, ku bar shi ya yi zance yadda ya so. Ina roƙonku kada ku yi masa jarrabawa da “ka tuna?”, kuma kada ku gyara masa kuskure a gaban mutane. Ku taƙaita a shafi ɗaya: sunan da yake so a kira shi, lokutan ibadarsa, abincinsa, da abin da ke tsorata shi. Ku nemi yardarsa kafin ku miƙa takardar, sirrin gida kuma ya tsaya a gida.