Ni ma na zauna a irin ɗakin da yake

'Yar'uwa, sau uku na karanta tambayarki kafin hannuna ya iya rubutu. Kin ce wanda zai aure ki yana tsare a Libiya wata na biyar ke nan, sai jefi-jefi ake ba shi waya, a gida kuma an matsa miki ki fitar da wani mijin. Ki gaya masa ko ki yi shiru?

A 2017 na bi ta Agadas, a bayan Hilux, kowa ya riƙe sanda tsakanin ƙafafu don kada ya faɗo. Sahara ba ta ci ni ba, Sabha, wani gari a Libiya, ita ce ta kusa. Wanda ya miƙa ni hannun masu tsare mutane ɗan unguwarmu ne, tare muka yi makarantar allo. Shi ya tarbe ni, ya ba ni shayi, ya ce in kwanta in huta, gobe akwai aikin gini. Har bargonsa ya lulluɓa mini! Da asuba wasu suka zo da mota. Yau yana gari, ya gina gida, a sahun gaba yake sallah. Idan muka haɗu shi ke fara miƙo hannu. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Da kuɗin fansa suka yi jinkiri, sai aka ware ni ɗaki ni kaɗai, kwana 40 da ɗoriya. Burodi ɗaya, ruwa mai gishiri-gishiri. Wallahi akwai ranar da na ajiye burodin na ce a mutu kawai a huta. Abin da ya sa na ɗauka na ci, yarinyar da nake nema ce. Ba wata zazzafar soyayya nake tunawa ba. Lefe nake haɗawa a kaina: atamfa nawa, takalmi nawa, akwati na biyu me zai shiga. Kullum sai na sake lissafi daga farko. Ita ta ce mini bayan Babbar Sallah, ni kuma na riƙe wannan kamar igiyar guga.

Da dare kuma tunanin nan shi ke yanka ni, in ce ƙila yanzu wani na zaune a zaurensu.

Ashe kuwa haka ne. An ɗaura mata aure ina can, sai da na dawo na ji. Ban riƙe ta a zuci ba, mace ba ta iya ja da iyayenta har abada. Amma da a waya aka faɗa mini, da gawata ma ba a gani ba.

Don haka kada ki gaya masa yanzu. Kada kuma ki rantse masa da abin da ba ya hannunki. In ya kira, ba shi labarin gida, wa ya haihu, nawa ake sayar da kwanon gero, ki tambaye shi launin fentin da yake so a ɗaki. Ki samu kawunki ko wata gwaggo da Baba ke jin nauyinta, ta roƙa miki ko wata uku. Kuma don Allah ku daina tura kuɗi ga duk wanda ya kira, sai kun ji muryarsa a ranar. Mu sau biyu aka ci kuɗin mahaifiyata, har da na akuyarta.

Mahaifiyarsa fa, kina leƙa ta?