Maganin ciwon hanta nau'in C ga mai wankin ƙoda

'Yar'uwa, kin tambaya ko Baba da ake wa wankin ƙoda zai iya shan maganin ciwon hanta nau'in C. Ƙwarai kuwa, kuma akasari ana warkewa. Likitoci kan ba da haɗin glecaprevir da pibrentasvir, ƙwaya 3 sau ɗaya a rana da abinci, galibi na mako 8, ba tare da rage adadin saboda ƙodar ba.

Amma kafin ya fara, lallai a yi masa gwajin nau'in B, don maganin na iya tayar da shi in yana kwance a jiki. In kuma hantar ta lalace har ciki ya tara ruwa, wannan haɗin ba nasa ba ne, sai likita ya zaɓi wani.