Ka bari ƙasa ta yi magana kafin ka ɗauko zane

Ɗana, saƙonka ya iso ni, na kuma karanta shi har sau biyu. Ka ce ka ga wani fili ya kwanta maka a rai, ka samo zanen gida a intanet wanda kai da maiɗakinka kuke so, amma mahaifinka ya ce kada ka biya ko sisi sai ka ga filin bayan ruwan sama, ka kuma san waɗanda za ka zauna da su. Kana tambaya ko wannan al'adar ta manya tana da tushe, ko kuwa jan rai ce kawai, tunda dillali yana matsa maka cewa wani zai riga ka.

Tana da tushe, kuma ni sai da na ɗanɗana kuɗata kafin na yarda. Filina na farko da rani na saye shi. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, ƙasa a bushe ƙayau, wanda ya sayar mini bai ce mini komai ba, ni ma ban tambayi kowa ba. Da ruwa ya sauka sai na tarar ashe duk ruwan da ke gangarowa daga tudun da ke sama da mu ta nan yake bi. Shekara uku ina fama da danshi yana hawa bango, fenti yana ɓarewa, iyalina suna kwana da tari. Abin da na kashe wajen ciko da magudanar ruwa ya kusa kai kuɗin filin kansa. Har yau idan na tuna raina yana sosuwa, shi ya sa ba na so ka bi sawuna.

Ruwa ba ya manta hanyarsa. Ka je filin ana tsaka da ruwa, ko washegari da sassafe. Ka duba inda ya kwanta da inda ya bar yashi da shara. Ka dubi gindin katangun maƙwabta, domin alamar da ruwa ya bari a jikinsu ba ta ƙarya. Idan titi ya fi filin tudu, ka sani duk damina kai ne za ka karɓi ruwansa. Magina suna so ƙasa ta gangara daga jikin gida da kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko, don kada ruwa ya zauna a gindin bango.

Sai abin da ido ba ya gani. Akwai baƙar laka mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare idan ta bushe, kuma tana ɗaga harsashi tana sauke shi har bango ya tsage. Akwai wurin da tsohon juji ne ko kududdufi da aka cike, samansa lafiya lau, ƙasansa kuwa yana ci gaba da zama shekara da shekaru. Ka san hasumiyar Pisa ta Italiya, wadda ta karkace? An fara gina ta a 1173, kuma tun ba a wuce hawa na uku ba ta soma jirkicewa, saboda harsashinta mita 3 ne kacal a kan ƙasa mai laushi. Sai da aka rufe ta daga 1990 zuwa 2001 ana aikin ceto ta. Maginanta gwanaye ne, ƙasar ce ba su auna ba. Don haka ka kira injiniya ya haƙa ya gwada ƙasar kafin a zana komai. Shi zai gaya maka zurfin harsashi, da ko wurin zai ɗauki bene idan wata rana ka so ɗorawa.

Maganar maƙwabci kafin gida kuwa, dalilinta a fili yake: taga idan ba ta yi maka ba ka sauya ta, maƙwabci ba ka da iko a kansa. Ka je da rana, ka koma da dare, ka je ranar hutu. Ka zauna da wanda ya fi daɗewa a wurin ka saurare shi. Daga bakinsa za ka ji ko filin yana da rigimar gado, ko an taɓa sayar da shi ga mutum biyu, ko hanyar shiga ta cikin filin wani ta bi. Ka kuma tambayi inda masansu yake kafin ka zaɓi wurin rijiya, domin masu kula da tsaftar ruwa suna ba da shawarar tazarar mita 30 tsakaninsu.

Takardu ba sai na ja maka ba. Ka kai su ofishin filaye a tabbatar maka, safiyo ya auna ya nuna maka duwatsun iyaka da idonka, ka kuma binciki tazarar da hukuma ta ce a bari daga titi da manyan wayoyin lantarki. Dillalin da ya ƙi ba ka mako biyu don wannan, ka bar masa filinsa.

Yanzu zanen nan naku. Ban ce ku yar da shi ba, amma wanda ya zana shi bai taɓa tsayawa a filinka ba. Bai san ta ina rana ke faɗuwa a wurin ba, bai san ta ina iska ke kaɗawa ba. A ƙasa mai zafi, ɗakin kwanan da babbar tagarsa ke kallon yamma yana shan rana tun daga azahar, bangonsa ya riƙe zafin har tsakar dare. Shi ya sa ake so dogayen ɓangarorin gida su kalli kudu da arewa, a sa tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, rufi kuma ya ɗan zarce bango ya yi masa inuwa. A ƙasashen sanyi akasin haka suke nema, rana suke jawowa cikin gida. Wataƙila zanen da ya burge ku don irinsu aka yi shi.

Ga abin da nake so ku yi. Ku ɗauki igiya da turaku, ku fitar da girman kowane ɗaki a kan filin, ku shiga ku zagaya kamar an gama gini. Maiɗakinka ta tsaya inda kicin zai kasance ta gaya maka ko tana hango inda yara za su yi wasa. Ka saurare ta da kyau, domin abin da ta gani kai ba za ka gani ba. Ku haɗa kicin da banɗakuna a gefe ɗaya don fayif ya yi gajarta. Ku rage lunguna da kusurwoyi, kowace kusurwa ƙarin kuɗi ce kuma ƙofar yoyo ce a rufi. Ka tuna da tsufa kuma, tunda yanzu gwiwoyina sun koya mini abin da ban sani ba ina shekarunka: ka bar ɗaki ɗaya da banɗaki a ƙasa, ƙofofinsu su kai faɗin santimita 90, yadda keken mara lafiya zai shige. Bayan wannan sai ka kai wa mai zanen gini hoton naku tare da sakamakon gwajin ƙasa, ya zana muku naku na kanku. Ka ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin aikin, kada ka taɓa su sai abin da ba a zata ba ya taso.

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka kira ni, in Allah ya yarda tare za mu je mu ga filin. Ka zo da shebur. Ka gaida mahaifinka da maiɗakinka da yara.