Tambaya da Amsa: Tauraron da Haskensa Ke Hawa da Sauka

Tambaya: Malam, na ji cewa akwai manyan taurarin da ke kumbura suna sacewa, haskensu na ƙaruwa yana raguwa. Me ke kawo haka? Kuma ana iya gani da ido?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ana gani. Mafi shahara a cikinsu shi ne Delta Cephei, wanda John Goodricke na Ingila ya gano sauyin haskensa a 1784, kuma daga sunansa ake kiran duk irinsa Sefid. Ƙato ne na gaske: faɗinsa ya ninka na rana sau 40 da ɗoriya, haskensa ya ninka nata kusan sau 2,000, yana nesa da mu wajen shekarun haske 890 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci cikin shekara guda). Cikin kwana 5 da awa 8 da minti 48 yake kammala zagaye guda. A ma'aunin haske yana kaiwa da komowa tsakanin 3.5 da 4.4, kuma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ce ke nuna haske mai yawa. Ke nan haskensa kan ninka sau biyu da wani abu.

Sirrin yana cikin wani shimfiɗin iskar hiliyam da ke ƙarƙashin fuskar tauraron. Idan tauraron ya tsuke, iskar ta matsu ta yi zafi, sai kowace ƙwayar zarrarta ta rasa na biyu daga cikin 'yan ƙwayoyin lantarki biyu (ilektron) da take da su. A wannan hali ba ta barin haske ya ratsa ta, don haka zafin da ke tasowa daga ciki yakan taru a ƙarƙashinta har ya tura saman tauraron waje. Da ya buɗe sai iskar ta huce, zafin ya samu hanyar fita, nauyin tauraron kuma ya sake jawo komai ciki. Kamar murfin tukunya ne a kan ruwa mai tafasa: tururi ya ɗaga shi, ya fice, murfin ya koma mazauninsa.

A nan mutane da yawa ke kuskure. Sukan ɗauka tauraron ya fi haske sa'ad da ya fi kumbura. Ba haka ba ne. Girmansa na sauyawa da abin da bai wuce kashi goma da 'yan kai cikin ɗari ba, amma zafin fuskarsa na tashi daga wajen digiri 5,500 zuwa 6,800 a ma'aunin Kelbin, kuma zafin nan ne ya fi juya hasken. Ƙololuwar haske na zuwa ne lokacin da yake tsakiyar faɗaɗa da sauri, tun bai kai iyakar girmansa ba.

Darajar Sefid ta fito fili a 1912, da masaniyar taurari Henrietta Leavitt ta nuna a kan taurari 25 na Ƙaramin Gajimaren Majelan, wani tarin taurari mai maƙwabtaka da tarin da ranarmu ke ciki, cewa gwargwadon tsawon zagayen tauraro, gwargwadon ainihin haskensa. Idan ka ƙirga kwanakin zagayen, ka san haskensa na asali. Ka gwada da yadda yake bayyana mana, sai nisa ya fito. Da wannan dabara Edwin Hubble, bayan ya gano Sefid a Andiromeda, wani ɗan hazon haske da ake gani a sama, a 1923, ya tabbatar cewa Andiromeda tarin taurari ne mai zaman kansa, can wajen namu. Lissafin yakan karkace idan ƙurar sararin samaniya ta dusashe hasken, tauraron ya zama kamar ya fi nisa. Akwai kuma aji biyu na Sefid masu bambancin haske, kuma cuɗa su ya sa aka daɗe ana rage nisan Andiromeda, har Walter Baade ya gyara a 1952.

Idan za ka duba da kanka, nemi rukunin taurarin Cepheus a sararin arewa da dare, daga Satumba zuwa Disamba, kusa da Cassiopeia mai siffar harafin W. Delta na zaune a ƙaramin kusurwa uku tare da Zeta mai haske kusan 3.4 da Epsilon mai kusan 4.2. Kowane dare ka kwatanta shi da su biyun, ka rubuta lokaci da wanda ya fi kama da shi. Ka guji daren farin wata da hazo, kada kuma ka ɗauki ƙyaftawar daƙiƙa-daƙiƙa a matsayin sauyi, wannan aikin iskar duniyarmu ne. Cikin mako uku za ka lura yana haurawa cikin kwana ɗaya da rabi, sannan ya sauka a hankali cikin kusan kwana huɗu.